Ruwan ƙazanta a birnin Lome da lafiyar kogin Zio

A kowane gida, ruwa yakan shigo da tsabta ya fita da dauɗa. Ana wanka da shi, a yi wanki, a yi wanke-wanke, a kewaya da shi ban ɗaki. Yawancin mutane sun san inda ruwansu yake fitowa, domin da kuɗinsu suke sayensa, amma kaɗan ne suke bin sawun inda yake zuwa bayan an zubar. A unguwar Avédji, wadda ke arewa maso yammacin Lome, babban birnin ƙasar Togo, amsar ba ta da wuya. Wani ruwan yana shiga sokawe, wani a masai, wani kuma a watsa shi kan titi. Daga nan ko dai ya tsotse cikin ƙasa inda rijiyoyi suke, ko kuma ruwan sama ya kwashe shi ya gangara da shi. Saboda haka kare kogi daga gurɓacewa aiki ne da yake farawa tun daga bayan gida.

Yadda birnin yake

Birnin Lome yana bakin Tekun Atlantika, daf da iyakar Togo da Gana. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2022 ta nuna cewa Lome da kewayenta suna da mutum fiye da miliyan 2 da dubu 100, wato fiye da rubu'in mutanen ƙasar baki ɗaya. Tsohon gari yana kan rairayi, tsakanin teku daga kudu da jerin tafkuna daga arewa. A can, ba a yin haƙa mai zurfi ake tarar da ruwa. Bayan tafkunan sai ƙasa ta hau tudu mai jar ƙasa, kuma a kan wannan tudu ne sababbin unguwanni irin su Avédji da Adidogomé da Agoè suka bazu.

Hausawa sun daɗe a wannan birni. Tun zamanin mulkin Jamusawa, a ƙarshen ƙarni na 19, fatake suka kafa zangonsu a Lome, kamar yadda suka yi a garuruwa da yawa na Afirka ta Yamma. A shekarar 1977 hukuma ta rushe tsohon zango na tsakiyar gari, aka mayar da mazaunansa wajen Togblékopé, kimanin kilomita 15 arewa da birni. Sabon zangon yana kusa da kwarin kogin Zio. Wannan kogi yana tasowa daga duwatsun kudu maso yammacin Togo, ya ratsa ƙasar noma inda ake shuka shinkafa a wurare kamar Kovié da Mission-Tové, ya bi ta arewacin Lome, sa'an nan ya zuba a Tafkin Togo. Shi kuma tafkin yana haɗuwa da teku a garin Aného. Manoma da masu lambu da masunta duk suna cin abinci daga wannan ruwa.

Damina biyu ake yi a kudancin Togo: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma daga Satumba zuwa Nuwamba. Ambaliya ba baƙuwa ba ce a kwarin Zio. A shekarar 2008 ruwa ya karya gadoji da dama a kudancin ƙasar, har da ta Amakpapé a kan babbar hanyar da ta tafi arewa. Idan irin wannan ruwa ya shiga unguwa, yakan cika masai ya tumbatsa, abin da ke ciki ya gauraye da ruwan da ke kwance a tsakar gida.

Ire-iren ruwan ƙazanta

Masana sun kasa ruwan ƙazanta na gari kashi uku. Na farko shi ne ruwan ban ɗaki, mai ɗauke da bahaya da fitsari. Shi ne mafi haɗari, saboda a cikinsa ne ƙwayoyin cutar kwalara da taifot da atuni da ƙwan tsutsar ciki suke. Na biyu shi ne ruwan wanka da wanki da wanke-wanke, mai ɗauke da sabulu da maiƙo da ragowar abinci. Na uku shi ne ruwan masana'antu da mahauta da marina da garejin kanikawa, wanda sau da yawa yake ɗauke da guba. Ruwan sama kuwa ba ƙazanta ba ne a asalinsa, sai dai yana wanko duk abin da ya tarar a hanya.

A manyan biranen Turai, bututun ƙarƙashin ƙasa ne yake kwashe wannan ruwa daga kowane gida zuwa tashar tacewa. A Lome, ɗan ɓangare kaɗan ne yake da irin wannan bututu. Yawancin gidaje sun dogara da masai ko da ramin siminti mai ɗakuna wanda ruwansa yake tsiyaya zuwa sokawe. Lambatun da ake gani a gefen titi an gina su ne domin ruwan sama. Haka su ma tafkunan birni, har da na huɗu da aka haƙa a gabashin gari a shekarun 2010 da taimakon Tarayyar Turai da Faransa: aikinsu shi ne tare ambaliya, ba tace ƙazanta ba. Duk wanda ya haɗa kwatar gidansa da lambatu, to ya aika da ƙazantarsa kai tsaye zuwa tafki ko kogi ke nan.

Abin da ƙazanta take yi wa kogi

Kifi yana shaƙar iskar oksijin da ta narke a cikin ruwa, kuma iskar ba ta da yawa. Ruwa mai sanyin digiri 10 yana iya riƙe kimanin miligiram 11 a kowace lita, amma ruwa mai ɗumin digiri 30 bai wuce ya riƙe miligiram 7 da rabi ba. Yawancin kifaye suna buƙatar miligiram 4 zuwa 5 kafin su rayu lafiya. Kogunan ƙasashe masu zafi ke nan tun da farko ba su da rarar iska mai yawa.

Idan ƙazanta ta shiga kogi, ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, sukan far mata da ci. Suna ci suna shaƙar iskar da ke cikin ruwan. Injiniyoyi suna da ma'aunin wannan al'amari: sukan ɗebi ruwa su rufe shi a kwalba kwana 5, su auna yawan iskar da bakteriya suka shanye. A ƙasashe masu amfani da Ingilishi ana kiran ma'aunin BOD, a masu amfani da Faransanci kuma DBO. Kogi mai tsabta yakan nuna miligiram 1 zuwa 2 a lita. Ɗanyen ruwan ƙazanta na gari yakan nuna 200 zuwa 400, ko fiye da haka a inda ake tsimin ruwa. Wannan yana nufin lita ɗaya ta irin wannan ruwa tana iya ƙarar da iskar lita 40 ta ruwan kogi. Idan iska ta ƙare, ruwa yakan yi baƙi, ya yi wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kifi ya taso sama ya mutu.

Kogi yana iya warkar da kansa idan ƙazantar ba ta da yawa, domin yana gudu yana shan iska daga sama. Matsalar tana tsananta da rani, lokacin da ruwan kogi ya ja baya, ita kuwa ƙazantar gari ba ta raguwa.

Illa ta biyu tana zuwa ne daga sinadaran naitirojin da fosfaras, waɗanda suke cikin fitsari da bahaya da wasu sabulun wanki. Su ne dai sinadaran da ke cikin takin zamani. A gona suna da amfani, amma a tafki sukan sa gansakuka da kainuwa su haɓaka har su rufe fuskar ruwa. Hausawa suna cewa kainuwa dashen Allah ce, amma idan ta cika tafkin birni maƙil, to akwai hannun mutum a ciki. Ciyawar takan toshe magudanai, ta hana jirgin masunta wucewa, idan ta mutu kuma ruɓewarta ta sake shanye iskar ruwan.

Illa ta uku ita ce cuta. Daga ranar 11 ga Nuwamba zuwa 28 ga Disamba na shekarar 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton mutum 67 da ake zaton sun kamu da kwalara a Lome, biyu daga cikinsu suka rasu. Cutar ta fi kama unguwannin masunta na kusa da tashar jiragen ruwa. Babbar hanyar yaɗuwar kwalara ita ce wannan: daga bahayar mai ciwo zuwa ruwa ko abincin mai lafiya. Likita John Snow ne ya nuna haka a Landan a shekarar 1854, lokacin da ya bi sawun annoba har zuwa famfon rijiya guda ɗaya.

Yadda ake tace ruwan ƙazanta

Tashar tacewa ba ta yin wani abin da kogi ba ya yi. Bambancin shi ne ana yin aikin a keɓaɓɓen wuri, kafin ruwan ya isa inda mutane da kifi suke. Matakan guda huɗu ne. Da farko ruwa yakan bi ta ragar ƙarfe wadda take tare leda da tsumma da kwalabe, sa'an nan ya ratsa wata magudana inda yashi yake kwanciya. Na biyu, a bar shi ya natsu a babban tanki, abu mai nauyi ya zauna a ƙasa ya zama laka, maiƙo kuma ya taso a kwashe. Na uku, a bar bakteriya su cinye ƙazantar da ta narke. Na huɗu, a kashe ƙwayoyin cutar da suka rage.

A mataki na uku ne hanyoyi suka rabu. A shekarar 1914 wasu masana biyu a birnin Manchester na Ingila, Edward Ardern da William Lockett, suka gano cewa idan ana hura iska cikin ruwan ƙazanta, ana kuma mayar da lakar da ke cike da bakteriya cikin tanki, aikin yakan ƙare cikin 'yan sa'o'i. Wannan dabara ce manyan biranen duniya suke amfani da ita har yau. Ba ta cin fili, amma tana cin wutar lantarki dare da rana, tana kuma buƙatar kayan gyara da ƙwararrun ma'aikata. Idan wuta ta ɗauke na tsawon lokaci, bakteriyan sukan mutu, sai an sake renonsu. Ƙaramin gari mai ƙarancin kuɗin shiga da wuya ya iya ɗaukar wannan nauyi.

Hanya ta biyu ita ce ta kududdufai, kuma ita ta fi dacewa da ƙasashe masu zafi. Akan haƙa kududdufai a jere, a daɓe gindinsu da yumɓu ko a shimfiɗa roba don kada ruwan ya tsotse cikin ƙasa. Na farko yana da zurfi, mita 2 zuwa 5. Babu iska a cikinsa, kuma irin bakteriyan da ba sa buƙatar iska ne suke aiki. A yanayin zafi, cikin kwana ɗaya ko biyu yakan rage fiye da rabin ƙazantar. Na biyu yana da faɗi, zurfinsa mita 1 zuwa 2. A nan gansakuka ce take amfani da hasken rana tana fitar da iskar oksijin, bakteriya suna shaƙa suna cin ƙazanta, su kuma suna fitar da abin da gansakukar take rayuwa da shi. Shi ya sa kududdufin da yake aiki da kyau yakan zama kore. Na uku, wanda akan yi guda biyu ko uku, zurfinsa kamar mita 1 ne. Rana tana ratsa shi, tana kashe ƙwayoyin cuta, ƙwan tsutsa kuma ya riga ya nutse a ƙasa. Daga shigar ruwa zuwa fitarsa akan ɗauki mako biyu zuwa uku. Ba a buƙatar inji, in dai an zaɓi wuri mai gangara.

Misali da ƙaramin gari

A ɗauki misalin gari mai mutum 10,000 a bakin kogi kamar Zio. Injiniyoyi sukan ƙaddara cewa mutum ɗaya yana fitar da ƙazantar da take shan kimanin giram 40 na iskar oksijin a rana. Garin ke nan yana fitar da kilo 400 kullum. Idan lita ɗaya ta ruwan kogi tana da miligiram 7 na iska, to sai an sami lita fiye da miliyan 50 a rana kafin a biya wannan buƙata, kuma ko da an samu, ba abin da zai rage wa kifi. Idan aka bi da ruwan ta kududdufai, na farko zai rage nauyin zuwa kilo 120 ko 160, sauran kuma su rage mafi yawan abin da ya saura. Filin da ake buƙata bai wuce hekta ɗaya zuwa biyu ba.

Fili shi ne babban sharaɗin wannan hanya. A Avédji da unguwannin da suka riga suka cika da gidaje, samun hekta biyu a wuri ɗaya abu ne mai wuya da tsada. Amma garuruwan da ke sama da Lome a yankin Zio, irin su Tsévié, da ƙauyukan da birni yake haɗiyewa sannu a hankali, har yanzu suna da zaɓi. Garin da ya keɓe fili tun yana ƙarami ya sayi abu da araha. Wanda ya jira sai ya cika, zai biya diyyar gidaje ko ya koma ga inji mai cin wuta.

Motar kwasar masai

Kududdufai irin waɗanda aka bayyana suna aiki ne idan akwai bututun da zai kai musu ruwa. A garin da kowane gida yake da raminsa, motar kwasar masai ce take maye gurbin bututu. Abin da take ɗaukowa ya fi ruwan bututu kauri da ƙarfi sau da yawa. Tambayar ita ce, ina direba zai juye? Idan wurin juyewa yana da nisa, ko kuɗin shiga ya yi tsada, ko hanya ta lalace da damina, to fadama ko bakin rafi mafi kusa ne zai karɓi kayan. Ƙazantar da aka killace shekaru a gidaje da yawa sai ta shiga kogi a rana ɗaya.

Birnin Accra na Gana ya ga wannan matsala. Shekaru da dama motoci suna juye kayansu kai tsaye cikin teku a wurin da ake kira Lavender Hill, har zuwa ƙarshen shekarar 2016 da aka buɗe tashar tacewa a wurin. A Togo kuma an gina irin wannan tasha a garin Sokodé, a tsakiyar ƙasar, da tallafin asusun ruwa na Bankin Raya Afirka. Tsarin irin waɗannan tashoshi mai sauƙi ne. Akan juye lakar a kan shimfiɗar yashi da tsakuwa, ruwan ya tsiyaya ya tafi kududdufi, rana ta busar da sauran. Busasshiyar lakar, idan aka haɗa ta da sharar da take ruɓewa aka bar ta ta yi zafi na tsawon watanni, takan zama taki. Dole a ba ta lokaci, domin ƙwan tsutsar ciki yana da taurin rai.

Darasi daga Wagadugu da Kano

A shekarar 2004 birnin Wagadugu na Burkina Faso ya fara amfani da tashar kududdufai a unguwar Kossodo, aka kuma ba masu lambu fili kusa da ita domin su yi ban ruwa da abin da ya fito. Bincike ya nuna daga baya cewa ruwan masana'antu da yake shiga tashar yana ɗauke da gishiri da kanwa masu yawa, waɗanda kududdufi ba ya cirewa, har ƙasar wasu lambuna ta taurare. A Kano ma an san yadda ruwan majemun zamani na Sharaɗa da Challawa da Bompai ya gurɓata kogin Challawa da na Jakara, saboda sinadarin kuromiyam da ake jima da shi. Bakteriya suna cin ƙazantar ɗan Adam, amma ba sa cin ƙarfe ko gishiri. Don haka ƙa'ida ita ce kowace masana'anta ta tace ruwanta a cikin harabarta kafin ta sake shi.

Ban ruwa da tataccen ruwa abu ne mai kyau idan an kiyaye sharaɗi. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 1989 ta ce ruwan da za a shayar da ganyen da ake ci ɗanye kada ya wuce ƙwan tsutsa ɗaya a lita, kada kuma bakteriyan bahaya su wuce 1,000 a mililita 100. A shekarar 2006 hukumar ta faɗaɗa ƙa'idar, ta haɗa da matakai kamar dakatar da ban ruwa kwanaki kafin girbi da wanke ganye sosai. Duk ruwan da ya tafi gona ya rage wa kogi nauyi.

Doka da kuɗi da kulawa

Togo tana da dokoki a kan wannan batu. Akwai babbar dokar muhalli ta shekarar 2008, da dokar ruwa ta ranar 14 ga Yuni, 2010. Ƙasar kuma tana cikin waɗanda suka amince da muradun Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2015, inda aka yi alkawarin rage rabin ruwan ƙazantar da ake saki ba tare da tacewa ba kafin shekarar 2030. Sai dai gina tasha ya fi riƙe ta sauƙi. Kududdufi yana buƙatar mai share raga kullum, da mai sare ciyawar gefe don kada sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa, da yashe lakar kududdufin farko a kai a kai, da mai ɗiban ruwa ya kai ɗakin gwaji. Waɗannan ayyuka ba su da tsada, amma idan ba a ware musu kuɗi a kasafin hukumar gari ba, cikin 'yan shekaru tashar takan cike ta koma kwatami. Shi ya sa ƙasashe kamar Burkina Faso suke ɗora ɗan kuɗin tsabta a kan takardar kuɗin ruwan famfo.

Mai gida ma yana da nasa rabon. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, gindin ramin kuma ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. A filayen birni masu ƙunci wannan tazara ba ta cika samuwa ba, domin rijiyar wani takan kasance bayan katangar masan maƙwabcinsa. A irin wannan hali, ramin siminti wanda ba ya yoyo, da kwasa a kan lokaci, su ne mafita. Kada a zuba leda ko baƙin mai a masai, kada a buɗe rami a saki cikin ruwan sama, kuma a tambayi direban mota inda zai kai kaya.

Kogin da ya lalace yana iya farfaɗowa. A shekarar 1858 warin kogin Thames ya addabi majalisar dokokin Ingila har aka amince da gina manyan magudanan Landan. A shekarar 1957 an bayyana cewa wani ɓangaren kogin ya mutu, ba kifi a cikinsa. Bayan an inganta tashoshin tacewa a shekarun 1960, kifi ya dawo. Sai dai gyaran ya ci shekaru da dukiya mai yawa. Garuruwan kwarin Zio suna da abin da Landan ba ta da shi, wato zafin rana duk shekara, wanda yake yin rabin aikin kyauta. Abin da ya rage musu shi ne keɓe fili tun da sauran wuri, da samar wa motocin kwasa wurin juyewa kusa da gari, da biyan ma'aikatan da za su kula da shi.